Gayyar da Aka Ƙi Cin Abincinta

Lahadi, da yamma

Tun ina ɗaga buhun masara da hannu ɗaya nake zuwa gayyar mutanen ƙauyen nan. Da an busa lambi, ƙahon kiran gayya, ni ne farkon fita da fartanya, ni ne ƙarshen barin gona. Amma gonata, ni Sove, sai ruwa ya kusa ɗaukewa ake tunawa da ita. Kowace shekara haka. Dezilis ne ke riƙe da lambin, shi ke faɗin gonar wa za a fara da gonar wa za a ƙare. Shi ya riƙe 'yata Filomiz ranar baftisma, shi ya sa take ce masa Paren, ni kuma nake ce masa Konpe, shi ma yake ce mini Konpe, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ni gaba ba. Na yi magana har bakina ya gaji. Marigayiya matata ta ce in bari. Ban bari ba. Bana ya ce Asabar mai zuwa tawa ce, kafin ta kowa. Na san dalili. Tsoro ne ya sa shi, ba kunya ba.

Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Bara aka sauko da Filomiz daga motar babban birni, Potoprens, aka ɗauko ta a kan ƙyaure har gida, ƙashi da fata. Tun ranar na ce turo mata ciwon aka yi. Na faɗi wadda ta turo, matar Dezilis, da ba ta so ɗanta Wilne ya auri 'yata ba. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a filin faɗan zakaru. Samari sun yarda, don an binne wasu kafin nan da irin wannan ramar. Makon jiya suka fara maganar kananzir da rufin gidan Dezilis. Ni ban aike su ba. Ban kuma hana su ba, don ba 'ya'yana ba ne.

Yau ana idar da addu'a a coci, Filomiz ta miƙe. Na zaci waƙa za ta jawo.

Ta ce, “Jama'a, ku yi haƙuri, magana zan yi. Babu wanda ya yi mini asiri. Matar Paren Dezilis ba ta turo mini komai ba. Ƙanjamau ne a jikina, an duba jinina a asibiti. Maganin da Madan Elyas ke kawo mini kowace safiya nasa ne, shi ya tashe ni tsaye. Duk mai shirin ƙona gidan wani saboda ni, ya mayar da kananzirinsa cikin fitila.”

Na rubuta sunan abin sau ɗaya don ita ta faɗa. Ba zan sake ba.

Bencin da take kai ya watse kamar an zuba masa ruwan zafi. Wata ta fizge ɗanta har ya faɗi da baki. Dezilis ya sunkuyar da kai. Matarsa, wadda aka ceci rufinta, ita ta fara fita.

A gida na ce, “Me ya sa ba ki tambaye ni ba?”

Ta ce, “Da ka yarda, Papa?”

“A'a.”

“To, shi ya sa.”

Na fasa tulu da ƙafa. Gara tulu.

Litinin, da hantsi

Madan Elyas, matar Elyas mai raba maganin asibiti, ta zo ta hanyar gaba. Da can ta cikin ayaba take zagayowa kamar mai satar kaza, su shige bayan madafa su yi abin su. Yau a bakin ƙofa Filomiz ta karɓi ƙwayoyin, ta ɗaga kofi ta haɗiye, masu tafiya rafi suna kallo. Har gaishe su ta yi. Ba su amsa ba.

Madan Elyas ta ce, “Tonton Sove, 'yarka ta fi maza da yawa.”

Na ce, “Ba a tambaye ki ba.”

Filomiz ta yi miƙa ta ce rabonta da barci irin na jiya tun tana yarinya. Ta ce ashe ɓoyon ya fi ciwon nauyi. Ni ban runtsa ba. Ita ta sauke kayanta, a kaina suka faɗo.

Talata, bayan kasuwa

Ta fita da kofi da burodi da soyayyar ayaba kamar kowace Talata. Ta dawo da su kamar yadda ta fita, sai dai ƙasa a cikin ayabar, da shatin takalmi a gefen tire. Na tambaya wa ya yi. Ta ce iska.

Na ce, “Iskar lamba nawa take sawa?”

Ta yi dariya ta ce, “Zauna, Papa, yau mu ne 'yan kasuwa mu ne masu saye.” Ta kakkaɓe ƙasar muka ci. Ban ga abin dariya ba. Mutanen da suka sha kofinta wata da watanni, jiya lafiyarsu ƙalau, yau kofin ya zama guba.

Laraba, faɗuwar rana

An yi jifa. Rufin ya huje a saitin gadonta.

Alhamis, rana tsaka

Na je wurin Dezilis in ji ko Asabar na nan. Na same shi yana ɗaure wa akuya ƙafa.

Ya ce, “Magana ɗaya ce, Konpe. Za mu zo.”

Na juya zan tafi, ya ce, “Amma wa zai dafa?”

Na ce, “Wa ke dafawa a gidana?”

“Matata na iya kawo tukunyarta, don a rage wa yarinyar wahala.”

“Matarka ta riƙe ludayinta. Tun yaushe wahalar Filomiz ta dame ku?”

“Mutane na magana, Konpe.”

“Da can ma suna magana, da kananzir a hannu. Wa ya rufe musu baki?”

Bai ce na gode ba, bai ce a gaishe ta ba. Wilne na zaune a gindin lemo yana wasa adda. Yaron da ya cinye mini mangwaro a ƙofar gida, kullum yamma yana tsaye yana jiran ta fito, yau ko hula bai ɗaga mini ba. Ya rame. Ba ruwana.

Juma'a, da yamma

Na yanka akuyata. Na sayo barasar rake. Filomiz ta wanke babbar tukunya da toka, ta jiƙa wake, ta tankaɗe masara.

Tana goge gindin tukunyar ta ce, “Papa, ka bar matar Paren ta dafa. Ba zan ji haushi ba. Gonar ce muhimmiya.”

Yaran yanzu ba su san komai ba. Gayya ba a biyanta da kuɗi, da tukunya ake biya, kuma tukunyar gidan mai gona. In an yi maka aiki an ci na wata mace, an ce gidanka kango ne. In an yi maka aiki an ƙi ci, an ce kai da kare ɗaya, har kakanka da ke kwance a bayan gida an zaga. Ta san wannan. Ta dai fi ni iya haɗiye abu.

Da ta sunkuya na ga tabon da ke saman girarta. Watannin baya ta ce mini dutsen rafi ne. Yau na sake tambaya, ban san me ya sa ba.

Ta ce, “Wilne ne.”

Na tsaya da wuƙa a hannu.

Ta ce, “Shi na fara gaya wa, kafin kowa, tun da na samu ƙarfin tafiya. Na ce ya je a duba shi. Amsar da ya ba ni ke nan. Ya wuce, Papa. Ka ci gaba da fiɗarka.”

Na ci gaba da fiɗa.

Asabar, da yamma

Sun zo. Zan faɗi gaskiya, sun zo da yawa, an busa lambi tun raɓa ba ta bushe ba. Suka jeru, fartanyu suka tashi tare suka sauka tare. Barasar sun sha, don kwalbar a rufe ta zo daga kanti.

Mai jan waƙa dama aikinsa zolayar mai gona, haka muka gada. Ni ma na yi wa wasu. A kan ce naman wane sai da tabarau ake ganinsa, a yi dariya, a wuce. Yau waƙar daban. Ya ce tukunyar Sove ta yi ƙamshi, wanda zai ci ya fara auna akwatin gawarsa. Suka amsa. Ya maimaita, suka amsa da ƙarfi. Na yi kamar ban ji ba. Ina gefen gona ina sare ƙaya da addata.

Rana ta take, Filomiz ta sauko da tukunyar a kai, da ɗankwalinta na zuwa coci. Ta aje a inuwar fiya, ta jera kwanuka, ta zuba ruwan wanke hannu. Masara da wake da naman akuya, miya har tana ƙyalli. Uwarta ma ba ta fi haka ba.

Ba wanda ya tashi.

Ta zuba kwanon farko ta kai wa babba, kamar yadda aka saba. Ta ce, “Paren, ga naka.”

Dezilis ya ce cikinsa na murɗa tun safe. Mutumin da na gani da idona yana cin rogo a bakin hanya.

Ta juya ga na gefensa. Ya ce azumi yake. Wani ya ce shi ma. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, gayya guda ta zama ta waliyyai. Tana tsaye da kwano a hannu, tururi na tashi.

Sai Wilne ya miƙe. Ya sa fartanya a kunnen tukunyar ya kifar. Ya yi fito ya kira karnuka. Sannan ya dube ta ya faɗi wata magana game da Potoprens da abin da ta je yi. Ba zan rubuta ta ba.

Addata na hannuna, don da ita nake aiki.

Hannunsa na nan a jikinsa, kowa ya gani. Yatsu biyu ne suka tafi. Wanda ya ce na nufi wuyansa ƙarya yake yi. Da na nufa da ba a yi gardama ba.

Jini ya yi ta feshi a kan masarar da ke ƙasa. Aka danne ni, wani ya zauna mini a ƙirji, wani ya taka mini gwiwa. Daga ƙasa na ga Filomiz ta yage ɗankwalinta ta nufi yaron. Suka ture ta, ta faɗi da baya, suna cewa kar ta taɓa shi. Maza uku suka yi kansa da hannuwansu tsirara, masu faso da yankan ƙaya. Sai ta ɗaga murya.

“Kar ku taɓa jininsa haka. Ku sa leda a hannunku. Don Allah ku sa leda.”

Hannuwan suka tsaya a iska. Ɗaya bayan ɗaya suka ja baya, suka bar shi durƙushe shi kaɗai yana riƙe da abin da ya rage. Bai kalli hannun ba, ita ya kalla. Ubansa ne ya cire riga ya naɗe, ya ja shi suka tafi.

Ba a gama gonar ba. Rabi.

Lahadi, da safe

Ba mu je coci ba. Gwiwata ta kumbura kamar gwanda.

Lahadi, da yamma

Ta ƙi cin abinci. Na zaci tukunyar ce ke cin ranta.

Ta ce, “Nawa na faɗa, Papa, don nawa ne. Nasa ba nawa ba ne. Ban ma san ko yana da shi ba, tsoro kawai na ji. Na tsaya a gaban mutane na tuɓe shi.”

Na ce, “Ya kifar miki da tukunya.”

“Kai kuma ka cire masa yatsu. Ni na cire masa ƙauye.”

Na ce da ta bar su sun taɓa, da kowa ya samu rabonsa. Ta tashi ta bar mini wurin.

Litinin, da sassafe

Aladena a bakin shinge, an yanka shi, an bar shi ga ƙuda. Ba su ɗauki ko kunne ba. Ba kuma wanda zai sayi naman gidan nan. Na ja shi da igiya na binne. A nan ba a kai ƙara, ramawa ake yi.

Talata, da hantsi

Wata mata daga hayin rafi ta zo aron gishiri. Ta wuce gidaje fiye da goma masu gishiri kafin ta iso nan. Suka shiga madafa suna ƙus-ƙus, na ji kuka, na ji Filomiz na cewa ba ya zafi, ɗan jini ne kawai a yatsa. Matar ta fita ba gishiri.

Na ce, “Ashe mun buɗe asibiti.”

Ta ce, “Ita ce ta biyu.” Fuskarta kamar an ba ta kyauta. Ana jifanta da rana, ana neman ta a ɓoye, ita kuma tana murna. Ni ban gane wannan cinikin ba.

Laraba, da hantsi

Madan Elyas ta iso da jini har cikin ido. Sun tsare ta a kwanar rake. Dutse a goshi, sannan suka fizge jakar, suka zazzage ƙwayoyin cikin taɓo suka tattaka. Na wata guda, na Filomiz da na wani da ba ta faɗi sunansa ba. Na yau kaɗai ya tsira, don ta riga ta ƙulle shi a bakin zani.

Sai da Filomiz ta haɗiye sannan ta yarda aka wanke mata goshi.

Na ce, “Su wa?”

Ta ce, “Tonton Sove, addarka ta yi magana sau ɗaya, ga amsar a goshina. Ka bar ta ta huta.”

Kowa ni yake gani. Wanda ya kifar da tukunya ba a ganinsa.

Alhamis, da hantsi

Ba ta zo ba.

Juma'a, rana tsaka

Ba ta zo ba. Na ja ƙafa zuwa gidansu. Elyas ya tare ƙofa.

Ya ce, “Matata ba bangon jifa ba ce. Ta aje aikin.”

“Maganin fa?”

“Yana cikin taɓo, je ka tsince.”

Daga ciki ta ɗaga murya ta ce maganin nan ba a yi masa fashi, in aka tsallake ciwon kan koyi hanyar guje masa, Filomiz ta tafi asibiti da kanta gobe, kar ta jira. Ya rufe ƙofar a kan maganarta.

Asibitin tafiyar rabin yini ce, sai an ƙetare rafi. Na ce zan raka ta. Ta dubi gwiwata.

Ta ce, “Ni zan ɗauki magani ko kai zan ɗauka? Kuma in suka ga gidan ba kowa, toka za mu tarar.”

Na ce ta tafi da addata. Ta ce ta ga abin da take iyawa.

Asabar, da sassafe

Ta tafi. Ta dafa mini kofi kafin ta fita.

Asabar, faɗuwar rana

An busa lambi yau a gonar wani. Na ji waƙarsu daga nan.

Ba ta dawo ba. Wataƙila layi ne ya yi tsawo.

Lahadi, da hantsi

Ba ta dawo ba. Wataƙila rafi ne ya cika.

Talata, da yamma

Ban rubuta ba don ba na gida.

Ranar Lahadi mai gawayi ya tsaya a bakin shinge, bai shigo ba. Ya ce su suka tsince ta a mashigin rafi ranar Asabar, rabinta a ruwa. Suka ɗora ta a kan alfadari a bisa buhunan gawayi suka kai ta asibiti. Ya ce tana numfashi. Ya ce kar in ce shi ya faɗa.

Na tafi da sanda. Ban san yadda gwiwar ta kai ni ba. A mashigin na ga takalminta ɗaya a tsakanin duwatsu. Na ɗauka.

Da farko ban gane ta ba, sai da ta ce Papa. Ido ɗaya a rufe. Haƙoran gaba babu. Haƙarƙari an naɗe da farin ƙyalle, tana jan numfashi kamar mai hawan dutse. Nas ta ce da sanda aka yi, da duwatsu, ba wanda ya taɓa ta da hannu. Tsoron jininta suke, amma ba su ji tsoron zubar da shi ba.

Maganar farko da ta yi mini, wai ta sha magani, na jiya da na yau.

Na ce, “Sun rufe fuska?”

“A'a.”

“To su wa?”

“In na faɗa, gobe adda, jibi kananzir.”

“Wilne na ciki?”

“Wilne ba ya iya riƙe sanda, Papa. Ka manta?”

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce, “Da kin yi shiru a coci, da yanzu kina gida da haƙoranki.”

Ta ce, “Da yanzu matar Paren ta ƙone a cikin ɗakinta, ni kuma ina bayan madafa ina haɗiyar magani kamar ɓarauniya.”

“Ba ki yi nadama ba?”

“Ta maganar Wilne, na yi. Tawa, a'a.”

Sannan ta ce ba za ta dawo ba. In ta warke za ta zauna a garin, kusa da magani. Wai suna neman mai dafa wa marasa lafiya, kuma nan ba mai azumi. Ta so ta yi dariya, haƙarƙarin ya hana.

Na ce cibiyarta na binne a gindin kwakwar gidanmu. Na ce kabarin uwarta na bayan ɗaki, wa zai share shi in na mutu? Na ce ƙasar kakanta ce, ba ta Dezilis ba, ba wanda ya isa ya kore ta.

Ta ce, “Ba korata aka yi ba. Ina so in rayu ne, kuma ba a ɓoye ba.”

Da zan tafi ta riƙe mini hannun riga. Ta ce, “Su Paren za su zo, Papa. Ba yau ba, amma za su zo, don yaron ba shi da lafiya. Za su ji tsoron a kore su a ƙofa saboda fuskata. In sun zo, ka rako su da kanka. Kar ka sa musu sharaɗi.”

Ban ce to ba. Ta san ban ce ba.

Na manta ban ba ta takalmin ba. Yana nan.

Alhamis, da safe

Ruwa ya sauka. Ya zuba ta hujin nan a kan gadonta. Na bar shi.

Asabar, rana tsaka

Na shuka abin da na iya a sauran rabin, ni kaɗai, ina jan ƙafa. Masu wucewa suna gaishe ni yanzu. Tonton Sove, ya ƙarfin jiki. Ina kallon hannuwansu. Kowanne na gani sai in ce ko wannan ne ya ɗaga dutsen. Mai jan waƙa ya ce mini Allah ya ba ta lafiya. Na tofa masa yawu a ƙafa.

Litinin, da hantsi

Matar gishirin nan ta dawo, ta tambayi Filomiz. Na ce ta je ta tambayi rafi.

Laraba, da yamma

Na dafa masara ta ƙone. Ba wanda ya zo.

Juma'a, bayan rana ta karkata

Dezilis ya zo. Yana bakin shinge, hula a hannu. Bai taɓa cire mini hula ba.

Ya ce, “Konpe.”

Ina zaune a bakin ƙofa. Ban ba shi kujera ba.

Ya ce hannun ya ƙi warkewa, yana wari. Zazzaɓi ba ya sauka, bakin yaron ya yi fari har maƙogwaro, ruwa ma da ƙyar. Ya ce abokansa sun daina leƙowa, masu sayen ƙwan uwarsa sun canja hanya. Ya ce ya samu aron alfadari, gobe da sassafe yake so ya kai shi.

Na ce, “Ka san hanya. An ƙetare rafi ne kawai. Mutanenku sun san mashigin sarai.”

Ya ce, “Can kowa ya ga fuskarta, Konpe. In suka ji daga inda muke, da sunan yaron, wa zai buɗe mana? In kana tare da mu, in ita ta sa baki…”

“Bakin da ba haƙora?”



Na ce, “Su wa suka tsare ta?”

“Ban je wurin ba.”

“Ban ce ka je ba. Kai ke busa musu ƙaho su fito, kai ke busawa su koma. Kaza ba ta yin ƙwai a ƙauyen nan ba ka sani ba. Su wa?”

“In na faɗa za ka ɗauki adda.”

“Wannan tsakanina da addata ne.”

“'Ya'yan mutane ne, Konpe.”

“Ita a bishiya na tsinko ta?”

Ya ce, “Ɗana zai mutu.” Na jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Ta ce kar in sa sharaɗi. Na ji ta. Ita ta faɗa, kuma ita ce mai haƙarƙarin, amma ni na tsinci takalmin. Ban ce ba zan je ba. Gwiwar za ta kai ni, ta kai ni sau ɗaya. Zan iya tafiya gaban alfadarin nan har ƙofar asibiti, in ce musu ga yaron, ku duba shi. Abin da ba zan iya ba shi ne in ci gaba da zama a ƙauyen da kowa ke ce mini ya ƙarfin jiki, ban san wane hannu ne ya fasa mata baki ba.

Na shiga na ɗauko abin rubutu na dawo na zauna, don ya ga ba sauri nake ba. Yana nan tsaye. Yana juya hular. Inuwarsa ta ƙetare shinge ta kusa taɓa mini ƙafa. Ya san alfadarin aro ba ya jira, ya san yaron ba ya jira.

Na tambayi Madan Elyas, ta ce in bari. Na tambayi 'yata, ta ce in bari. Kai ne na ƙarshe, Konpe, kuma ba za ka bar shingen nan ba. Buɗe baki ka amsa mini. Su wa?